Shekarar da Tela Ya Yi Zaɓe da Hannun Hagu

Abubuwa da yawa sun wuce a rayuwata waɗanda yau in an tambaye ni sai na yi ta lalube kafin in tuno su. Amma abin da ya faru a ɗakin wani abokina tela, nan Dakoro, wata la'asar ta ƙarshen shekara, ba na jin zai fita daga kaina ko da tsufa ya kama ni.

Ni malamin lakol ne, wato makarantar boko, shi ya sa kowa a unguwa Mushe yake ce mini, yadda ake kiran malami da Faransanci. Tun ina kwaleji nake son kiɗan gitar mai wuta, irin wanda Turawa ke kira rok, da irin namu na 'yan arewa da ake kaɗawa wajen biki. Na fara da kaset, na zo na koma ga kat memuwar da ake sa wa salula. Matata ta daɗe da haƙura da ni. Ta ce wasu mazan ƙwallo ke ɗauke musu hankali, nata mijin kuwa ƙarar waya ce.

Abokin nawa asalinsu Abzinawa ne da suka zauna wajen Korahane tun kakanni, suna noma suna kiwo. Shi kaɗai ne a gidansu ya shigo gari ya koyi ɗinki, har ya buɗe shago kusa da kasuwa da kekunan ɗinki biyu. Haɗuwarmu ta farko ma da gardama ta fara. Na kai ɗinkin riga, na tarar yana jin wani kaset, na ce mai gitar ɗin barci yake yi. Ya ajiye almakashi ya dube ni, ya ce, “Mushe, kai yara ka sani, ba kiɗa ba.” Ranar ban bar shagon ba sai da aka kira magariba. Tun daga nan ban ƙara kiransa da wani suna ba sai Tela.

Da tafiya ta yi tafiya sai muka ƙirƙiro wata al'ada tamu mu biyu. In Disamba ta zo, an ba mu hutu, sai in riƙa zuwa shagonsa bayan la'asar. Ya ɗora shayi, kowa ya fito da albam ɗin da suka fito a shekarar waɗanda ya fi so, mu saurare su ɗaya bayan ɗaya, mu zaɓi uku da suka fi. Babu wanda ya sa mu, babu wanda ke jiran sakamakonmu, masu waƙar ma ba su san da zamanmu a duniya ba. Amma mun ɗauki abin da gaske. Ni nakan bi sauri da ƙarfin ganga da gitar da ke ihu. Shi kuwa magana yake bi, da gitar da ke tafiya a hankali tana amsa wa mawaƙi. Da yake yana jin Tamashek, harshensu na Abzinawa, shi ke fassara mini, kuma na daɗe ina zargin in waƙa ta yi masa daɗi yakan ƙara mata gishiri a fassarar. Ba mu taɓa yin shekarar da muka yarda da juna ba tare da an ɗaga murya ba.

A shekarar da nake ba da labari, tun da damina wani direba da ke zuwa Agadas ya kawo masa albam na wasu samari da ba a san su ba. Tela ya kamu. Safe da yamma shi ke tashi a shagon, har mai sayar da takalma da ke maƙwabtaka da shi ya haddace amshin ba tare da ya san ma'anarsa ba. Ni na ji shi, na ce ba laifi, amma ya yi sanyi. Nawa gwanin na shekarar wani albam ne na Turawa da na samo a Maradi, wanda daga ni har shi babu mai jin abin da suke cewa, sai dai gangar kamar za ta fasa ƙirji. Sau ɗaya na sa masa, bai bari waƙar farko ta ƙare ba ya ce in kai wa masu injin niƙa, su za su gane shi. Na ce mu haɗu a Disamba.

Bayan an gama yankan hatsi, wata safiya ina cikin aji aka zo aka ce mini Tela ya faɗi a kan keken ɗinki. Tansiyo ce, wato hawan jini, ta buge shi. Ashe ya daɗe da ita, magani kuma sai ya ga dama yake sha. Aka kai shi likita nan gari, daga nan aka wuce da shi Maradi. Da aka dawo da shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke gaba ɗaya. Mutumin da ba a raba shi da surutu, ga shi kwance a katifa yana kallon bango.

Na riƙa zuwa gaishe shi kamar kowa. Ɗakin kullum cike yake. Mutum ya shigo ya ce sannu, Allah ya sa kaffara ne, ya zauna, sai a koma ana hira a kansa kamar ba ya nan. Wannan ya ce ya san mai magani a Sabon Maci, wancan ya ba da labarin kawunsa da irin wannan ciwo ya kashe. Shi dai idonsa na bango. Ko an kira shi ba ya juyowa. A hankali mutane suka fara cewa hankalin ma ya tafi, gangar jiki ce kawai ta rage. Ni ma, gaskiya, na fara yarda da hakan.

Sai yayansa ya zo daga ƙauye. Dattijo ne dogo, mai rawani, ba ya yawan magana, tasbaha ba ta barin hannunsa. Shi ya reni Tela bayan rasuwar mahaifinsu, don haka maganarsa ita ce magana. Ya zauna kwanaki yana kallon ƙanen nasa, daga baya ya yanke shawara: za a mai da shi gida cikin dangi, a sayar da kekunan ɗinki a saki shagon, matar da yara su bi shi. Ba da mugunta ya faɗa ba. A ganinsa mutumin da ya kai wannan hali, gara ya ƙarasa kwanansa inda aka haife shi, inda akwai hannaye da yawa da za su juya shi, ga nono ga iska.

Ana haka wata rana da hantsi matar Tela ta yi sallama gidanmu. Ta gaisa da matata, sannan ta ce da ni take son magana. Mace ce mai kunya, a tsawon zamana da mijinta ban taɓa jin ta yi mini magana da ta wuce gaisuwa ba.

Ta ce, “Mushe, mutumin nan yana ji. Duk abin da ake hwaɗi yana ji.”

Na ce, “Uwargida, ya aka yi kika sani?”

Ta ce, “Ni ke ba shi abinci. Ranar da gishiri ya yi yawa a miya, kallon da ya saba yi mini shi ya yi mini. Na hwaɗa ma Yaya, ya ce son miji ne ke sa ni ganin abin da babu. In aka kai shi ƙauye, wa zai riƙa kai shi likita ana motsa mishi jiki? Yara kuma su bar lakol. Kuma ba a tambaye shi ba, Mushe. Ko sau ɗaya ba a tambaye shi ba.”

Na ce to ni me zan iya yi, tunda ba ni cikin dangi.

Ta ce, “Ba Disamba ce ta kama ba? Ka zo ku yi abin da kuka saba.”

Na hango kaina ina shiga ɗakin marar lafiya da kiɗa, a gidan da mutane ke zuwa yin addu'a, ga dattijo da tasbaha. Malamin lakol guda, a ce ya rasa abin da zai kai wa wanda ke kwance sai gitar. Na gaya mata haka. Ta ce Yaya zai shiga kasuwar dabbobi gobe da yamma, daga can zai nemi motar da za ta ɗauke su, kuma ita za ta ce wa masu gaisuwa yana hutawa. Bayan ta tafi matata ta dube ni ta ce, “Shekara da shekaru kuna damun mutane da abin nan. Yau da aka ce yana da amfani sai ka ji kunya?”

Washegari bayan la'asar na ɗauki salulata da ɗan bafil ɗina, wato ƙaramar na'urar ƙara sauti, da kayan shayi, na tafi. Na tarar an jingina shi da matashi, fuskarsa na bango kamar kullum. Na yanke wa kaina cewa yau ba zan ce sannu ba. Na ajiye kaya na ce, “Tela, Disamba ta zo. Ko ka ɗauka don ka kwanta za ka tsere mini?”

Bai motsa ba.

Na hura gawayi a bakin ƙofa na ɗora shayi. Na ajiye bafil a kan wata 'yar kujera kusa da hannunsa na hagu, na rage ƙarar. Na fara da wani albam na 'yan Yamai da nake ganin ya cancanci na uku. Ina sa waƙa ina bayani, ina nuna inda mai ganga ya yi ƙoƙari da inda mawaƙin ya ɓata. Ni kaɗai nake magana, ni kaɗai nake ba kaina amsa. Uwargida na zaune a bakin ƙofa tana tsince shinkafa, tana satar kallonsa. Waƙa ta bi waƙa, ko ƙifta ido ban ga ya yi daban ba. Shayin farko ya nuna, na zuba, na rasa wanda zan miƙa wa, na shanye abina. A raina na ce matar nan son miji ne, kamar yadda Yaya ya faɗa. Na fara tunanin yadda zan tattara kayana in fita ba tare da na karya mata zuciya ba.

Sai na ce bari dai in ƙarasa. Na nemo na Turawan nan na sa, na ɗan ƙara murya. Na ce, “To ga na ɗaya. Bana babu gardama, tunda babu mai yi. Naka na 'yan Agadas ko na uku bai samu ba, barci yake sa mutane. An gama zaɓe.”

Gangar ta shigo, gitar ta fara ihu. Sai na ga hannunsa na hagu ya ɗago daga kan bargo. A hankali ya ɗago, yana lalube a gefen katifa har ya taɓa ƙafar kujerar. Ya hau da yatsu ya kai ga bafil ɗin, ya ture shi. Abin ya faɗi ƙasa ya gangara ƙarƙashin gado, yana ta ƙara daga can.

Na dubi fuskarsa. Ya juyo. Ido cikin ido yake kallona, kuma ba kallon marar lafiya ba ne, kallon nan ne na mutumin da aka faɗi maganar banza a gabansa. Ban san lokacin da dariya ta kuɓuce mini ba. Na durƙusa na jawo bafil na mayar kan kujera, na ce, “Haƙuri za ka yi, sai ya ƙare.” Ya sake ture shi, wannan karon da ƙarfi, har wani gurnani ya fito daga maƙogwaronsa. Uwargida ta saki tiren shinkafa ta miƙe tsaye.

Ta ce, “Sa mishi nashi, Mushe. Sa mishi nashi.”

Ta ɗauko salularsa, wadda tun ranar da ya faɗi babu wanda ya taɓa, ta riga ta yi mata caji. Na haɗa na sa albam ɗin samarin nan. Gitar ta fara tafiyarta a hankali. Tela ya lumshe ido. Yatsunsa na hagu suka fara bugun ƙirjinsa, daidai da kiɗan, ba kuskure. Aka yi waƙa ta farko haka. A ta biyu, wadda ya taɓa gaya mini magana ce a kan mutumin da ya dawo rijiyar garinsu ya tarar ba wanda ya gane shi, da aka zo amshi sai na ga leɓensa na motsi. Na ɗauka rawar baki ce ta ciwo. Da amshin ya sake zagayowa sai murya ta fito. A karkace take, a shaƙe, rabin kalmomin na zubewa, amma waƙar ce. Mutumin da ya kasa cewa ruwa in yana jin ƙishi, ga shi yana rera Tamashek.

Ban ji shigowar Yaya ba. Inuwarsa na gani a ƙofa. Ya dawo da wuri, yana tsaye da sandarsa, ya ce, “Mi ke nan? Mi ake yi a ɗakin wanga?”

Na kai hannu zan kashe. Ya ɗaga mini tafi, ya ce, “Bari.” Amshin ne ya sake dawowa, kuma shi, ba kamar mu ba, yana jin kowace kalma da ke fita daga bakin ƙanensa. Ya tsaya har aka gama. Sannan ya tuɓe takalmi ya shigo, ya zauna a bakin katifa. Ya yi masa magana da harshensu, ƙasa-ƙasa, ban san abin da ya ce ba. Tela ya buɗe baki zai amsa, babu abin da ya fito. Ya sake gwadawa, babu. Hawaye suka gangaro masa ta gefen da ke da rai.

Uwargida daga bakin ƙofa ta ce, “Yaya, ku tambaye shi. Ba sai ya yi magana ba, hannunshi na aiki.”

Sai dattijon ya sa hannunsa cikin na ƙanen, ya koma Hausa, ina jin don mu zama shaida. Ya ce, “In kana jin abin da nike hwaɗi, matse.” Na ga jijiyoyin hannun sun tashi. Ya ce, “Na samu mota. Mu tahi gida?” Tela ya zare hannunsa ya mayar kan ƙirji. Yaya ya sake kamo shi ya ce, “Nan kake son zama?” Ya matse. Dattijon bai yarda da wuri ba. Ya juya tambayar, ya sake juya ta, ya tambaye shi ko shi Tela ne babba a gidansu, Tela ya zare hannu, ya tambaye shi ko sunan mahaifiyarsu wance, ya matse. Daga ƙarshe ya ce, “Kekunan ɗinki fa, a saida?” Tela bai tsaya zare hannu ba, katifa ya buga da tafi.

Aka kira magariba muka fito tare da Yaya. Muka kama hanyar masallaci. Ya ce, “Mushe, ni ban son kiɗan nan, kuma ba yau zan fara sonshi ba. Amma wata guda ina zaune gaban yaron nan ina yi mishi addu'a, ban tambaye shi komi ba. Ka riƙa zuwa. Sai dai in an yi kiran salla a kashe.” Na ce in sha Allahu. Washegari ya sallami mai motar. Bayan kwana biyu ya koma ƙauye shi kaɗai, ya aiko da hatsi da akuya mai nono.

Kada mai karatu ya ɗauka daga ranar Tela ya miƙe. Bai miƙe ba. An yi watanni ana ɗaukarsa zuwa likita ana motsa masa hannu da ƙafa. Ma'aikacin da ke yi masa hakan, da aka ba shi labari, bai yi mamaki ba. Ya ce ana samun masu irin wannan ciwo da waƙa ke fita bakinsu alhali magana ta ƙi, a ci gaba da sa masa. Maganar ta dawo kaɗan-kaɗan, kalma ɗaya, kalma biyu, har yau ba ta cika ba. Yana tafiya da sanda yana jan ƙafa. Hannun dama bai dawo ba, bai ƙara ɗinki ba. Amma shagon na nan. Ƙanen matarsa da wani tela ke kan kekunan, shi yana zaune a kujera yana duba aiki, kuma in ɗinki ya karkace ba ya buƙatar dogon bayani kafin a warware shi. Yaransa sun ci gaba da karatu, babbar har ta wuce kwaleji.

Zaɓen shekarar kuwa sai da muka ƙarasa shi, cikin yammaci da yawa, ni ina magana shi yana matsewa ko yana ture bafil. Na 'yan Agadas ya zo na ɗaya. Na 'yan Yamai ya zo na biyu. Na uku muka ba wasu 'yan Mali da ni ban ma so ba. Na Turawana bai shiga ba sam. Har gobe ina ganin an zalunce shi, don mai gangar nan ba a yi kamarsa ba a shekarar, kuma na sha gaya wa Tela haka.

Abin da na koya a ɗakin nan shi ne, ciwo na iya ƙwace wa mutum hannu da ƙafa da harshe, ya bar shi da ra'ayinsa cif, yana kwance yana jin ana yanke masa hukunci. Mu masu zuwa gaisuwa mukan shigo da tausayi, mu bar mutumin da muka sani a waje. Tun daga lokacin, in na je duba marar lafiya nakan yi masa addu'a kamar kowa, sannan in zauna in yi masa irin hirar da muka saba. In kuma wani abu ya taso da ya shafi rayuwarsa, kafin kowa ya faɗi nasa nakan ce a dakata, a fara tambayar mai jikin.